Fenti a Kan Jiƙaƙƙen Bango

Shekara goma sha tara ina sana'ar fenti a Hanoi, ban taɓa yin aikin da nake jin kunyarsa ba sai wanda na yi a gidan ubana.

Saura kwana takwas bikin Tet, sabuwar shekararmu, yayana Luong ya kira ni a waya. Wai in zo in yi wa ɗakin ƙarƙashin ƙasa fenti, bango da daɓe, inda suke ajiye babura. Can Mama za ta koma, don ɗansa zai yi aure bayan biki, ana son ɗakinta na hawa na biyu.

"Gwiwarta na duba, Nhan," in ji shi. "Taki huɗu kawai za ta sauka daga titi."

Ka ji min mutum! Wai gwiwarta ya duba.

Na je. Ga shi bana nom ya shigo da wuri, wato danshin nan namu da ko madubi sai ya yi gumi. Ina sauka warin fumfuna ya tare ni. Na ɗora tafi a bango, na ɗago shi a jiƙe. Na yanko leda na manna a jikin bangon da salatif, na ce kada wanda ya taɓa sai gobe. Washegari ruwa ya taru a bayan ledar har yana gangarowa.

"Yaya, zo ka gani da idonka. Wannan daga cikin ƙasa yake fitowa. Sai an kankare, an sake shafe da siminti mai hana ruwa, an ba shi wata guda ya bushe."

"Wata guda? Kwana bakwai gare mu."

Matarsa Thoa ta leƙo daga matakala. "Ai na buɗe taga na kunna fanka, zai bushe."

"Ana nom kike buɗe taga? Sannu da ƙoƙari, kin gayyato ruwan da kanki."

Luong ya ɗaure fuska. "Ke, rage iyayi. Fenti aka ce ki yi, ba wa'azi ba. Shafa biyu, fari tas, shi ke nan."

"Mai tari za ka kwantar a nan? Tun bara take tari! Haba Yaya, ko kunya ba ka ji?" Na tattara kayana, na ce ya nemi wani marar imanin, ba dai ni ba.

A bakin ƙofa Mama ta riƙe min hannun riga.

"Yi masa, 'yar nan."

"Mama, ki taho gidana. Ɗaki ɗaya ne, amma a bushe yake."

"Ina da ɗa namiji a raye in koma gidan suruki? Me dangi za su ce da shi? Baƙi na tafe, kada su tarar da baƙin bango. Ki yi da kyau."

Kuma na yi. Abin da ke cina har yau ke nan. Na goge fumfunar, na shafa fari sau biyu, na yi wa daɓen ruwan toka, alhali na fi kowa sanin fenti ba ya tsare ruwa, ɓoye shi kawai yake. Ina yi ina zagin Luong a zuci, ina zagin kaina. Da na gama ɗakin ya fito fes, Thoa har da ɗaukar hoto.

Rana ta biyu ta biki, ranar da 'ya'ya mata ke zuwa gida, na tarar da falo cike da dangi, ana shan shayi ana cin ƙunshin shinkafa. Kowa sai yabon Luong yake, wai ya yi wa tsohuwa sabon ɗaki. Ban zauna ba, na sauka ƙasa.

Mama na zaune a bakin gado da rigarta ta biki. Kalanda huɗu na gani a bango, dukansu daidai gwiwa. Wa ke rataye kalanda daidai gwiwa? Na ɗaga ɗaya. Fentin ya kumbura ya yi ƙuraje. Na danna da yatsa, ruwa ya tsarto.

"Saki, kada a gani," in ji Mama, tari ya sarƙe ta.

A kwanakin Tet ba a faɗa, ba a ɗaga murya, don kada shekara ta tafi a haka. To, ban ɗaga ba. Na tashe ta na zaunar a kujera, na naɗe katifarta. Nauyinta kamar wankin da ba a matse ba, kwana biyar kacal da kwantar da ita a kai! Na kinkimi katifar na hau falo, na sauke a tsakiyar baƙi, gaban Luong.

"Barka da sabuwar shekara, Yaya. Taɓa."

Ya ƙi. Baffa Khiem, ƙanen babanmu, shi ya sunkuya ya taɓa, ya goge hannu a wandonsa, ya zuba wa Luong ido. Na ce a raina yau dai magana ta ƙare, ko an ƙi ko an so za a fito da ita daga ramin nan.

Sai ga Mama a bakin matakala, tana haki.

"Ni ce na zubar da shayi a kai," ta ce. "Ku ci abincinku."

Ta juya ta fara sauka, taki ɗaya-ɗaya, tana dafa bangon da na yi wa fenti, farin yana bin tafin hannunta.