Loata a Cikin Akushi

Ni dai ba laɓe na yi ba. Ina bayan ɗakin girkin Unaisi ina tsinkar ganyen gwaza, iska kuma daga wajen teku take kaɗowa, to kunne ai ba shi da marfi. Unaisi tana waya da 'yarta Loata, wadda ke can Ostireliya da 'yan wasan ƙasarmu Fiji, a gasar zari-ruga ta mata da ƙasashe suke taruwa su yi. Na ji uwar tana cewa idan likita ya ce gwiwa ta gama, ai ta gama. Sai jan hanci. Nan na gane wasan yammacin wannan Asabar shi ne na ƙarshe da yarinyar za ta buga a rayuwarta, ko an ci ko ba a ci ba.

Ban gaya wa kowa ba. Matar fasto ce kawai da Torika mai shago, su ma don sun tare ni a hanya suna tambayar abin da ya sami fuskata.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne Apenisa, yayan Loata, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya koya mata wasan. Tun tana 'yar mitsitsiya, in ruwa ya janye da safe sai ka hango su a kan yashi, shi a gaba ita a baya, suna jefa wa juna busasshiyar kwakwa har rana ta yi zafi. Da ta zama budurwa sai kunya ta shiga tsakaninsu, kamar yadda take shiga tsakanin kowane wa da ƙanwa a garinmu. Ba su zama tabarma ɗaya. Ba ya kiran sunanta. In yana da magana da ita sai ya ba wani ya kai, ko da tana tsaye a bakin ƙofa. Uwa uba, ba ya ɗaga ido ya dube ta in ba zane a jikinta har ƙasa. Mutanen Suva, babban birninmu, sun saki wannan tuntuni, mu ba mu saki ba. To ga yarinya ta tafi duniya tana gudu da gajeren wando, ƙasa duk ta gan ta, har Indiyawan kasuwar Nausori sun san lambar rigarta, amma wanda ya ɗora mata ƙwallo a hannu bai taɓa ganin ta buga ba.

Da hantsi aka buga wasa biyu, gari duk yana zauren taro wajen talabijin. Apenisa kuwa na same shi a gindin mangwaron bayan zaure yana ɗinkin taru. Ya zaɓi wurin da ihun mata ke isowa. Daga ihun yake karanta wasan: in ya yi tsawo an ci, in ya yanke a tsakiya an kayar da wata.

Ni ƙanwar kakarsu ce, Bubu suke ce mini, wato kaka, don haka akwai wasa tsakaninmu. Na ce, "Maigidana, ramin nan ɗaya tun makon jiya kake ɗinke shi."

"Kifin ne suka yi wayo, Bubu," ya ce, bai ɗago ba.

Na zauna a kan saiwa na gaya masa abin da iska ta kawo mini. Ya ci gaba da ɗinki, sai dai na lura allurar tana shiga inda ba rami. Can ya tambaye ni wace gwiwar. Na ce ta hagu. Ya gyaɗa kai kamar dama ya sani. Na ce masa samarin yanzu kowa da waya a aljihu, ya ari ɗaya ya zagaya bayan garken aladu, ba wanda zai gan shi, ni kuma ya san bakina a ɗinke yake.

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ni zan gan ni, Bubu."

Na bar shi na koma zaure raina ba daɗi.

An rataya tabarmi a tagogi don hasken rana kada ya cinye hoton, saboda haka ciki duhu-duhu ne kamar almuru. Hadari yana haɗuwa, iska ta tsaya cak. Ƙanshin man kwakwa a jikin mata, yara sun yi barci birjik a kan cinyoyi, maza kuma tun safe suke shan yangona, jiƙon garin saiwar nan mai kashe jiki, idanunsu sun yi laushi, maganarsu tana fita a hankali kamar daga ƙarƙashin ruwa. Tun da aka kawo talabijin ta ƙwace wurin manya. An kafa ta a bangon sama, su kuma suka koma gefe don kada su ba ta baya. Akushin yangona dai yana inda kakanni suka bar shi, a tsakiya, yana fuskantar bangon sama, mai damawa a bayansa, fuskarsa ga talabijin. Shi ya sa ranar wasan mata ba a kiran Apenisa, alhali duk garin ba mai hannunsa.

Wani Waisake ne ke damawa ranar. Na jingina da ginshiƙin da ke bayansa saboda ciwon bayana, aka miƙo mini ƙoƙo ɗaya na sha, harshena ya mutu, jikina ya saki. Wasu ƙasashe ne ke buga nasu, ba wanda ya damu, maza sun manta ma su ce a zuba. Ina gyangyaɗi idona ya faɗa cikin akushin. Ruwan ya kwanta lumui, kuma a kansa ga wasu 'yan ƙananan mutane suna gudu, ƙafafu a sama, kawuna a ƙasa, a kan ciyawa kore shar. Na ɗauka yangonar ce ta kama ni, ko kuma mutanen marigayi mijina ne suka zo ɗaukata. Na ɗaga kai na dubi bango, na sake duban akushi. Su ne dai, hoton talabijin ne ya faɗo a kan ruwan.

Barcin ya washe. Na ja gwiwa na ratsa mutane ina ba da haƙuri har na isa gefen mai gari, Ratu Isikeli. Taubashina ne, abin da na ga dama nake gaya masa, ko a gaban baƙi.

Na ce masa a kunne wannan abin da Waisake ke ba su ruwan wankin rogo ne, abin kunya a rana irin ta yau. Ya ce yaushe harshena ya fara sanin ɗanɗano, ai naman mutane kaɗai yake ci. Na ce tsohon da haƙoransa suka riga shi zuwa kabari ba shi da bakin maganar ci. Sannan na ce ya aika a kira Apenisa.

Murmushin ya bar fuskarsa. Ya dubi talabijin, ya dube ni. "Salanieta, kin san abin da kike cewa?"

"Ratu, mai dama yangona a gaban mai gari, ina idonsa yake zama?"

"A cikin akushi."

"Yana ɗagawa?"

"Sai na sallame shi."

Na nuna masa akushin da leɓe. Daga inda yake ba zai ga abin da na gani ba, amma ya ga haske yana wasa a kan ruwan. Ya shafa gwiwarsa. Maganar likita ta riga ta iso shi, ban san ta wace hanya ba. Can ya yafito mai magana da yawunsa ya ce a kira ɗan Unaisi, a ce mai gari ne ke nema.

Kiran mai gari ba a ƙin sa. Apenisa ya shigo a duƙe, idonsa a kan tabarma, wuyansa duk gumi. Waisake ya matsa yana kumbure-kumbure. Apenisa ya juye ragowar, ya zuba garin yangona a ƙyalle, aka tsiyayo masa ruwa, ya matsa, ya murza, ya sake matsawa, ba gaggawa, har ruwan ya yi kalar ƙasar bakin kogi. Ya shafa bakin akushin, ya dafa shi da hannu biyu, ya ce yangona ta yi, ya sunkuyar da kai yana jiran a ce ya zuba.

Ba wanda ya ce ya zuba. A bango kuwa 'yan matanmu sun fito da farar riga, abokan karawarsu wasu dogayen Turawa da ja.

Na riga na koma ginshiƙina a bayansa, na ga lokacin da ruwan ya kwanta, na kuma ga lokacin da jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya ɗaga hannu zai sa ƙoƙo ya motsa ruwan.

"Ban ce a taɓa ba," in ji Ratu Isikeli, idonsa a kan talabijin.

Hannun ya koma bakin akushi. Abin da ya rage masa ɗaya ne, ya rufe ido, kuma daga baya ba zan iya ganin ko ya rufe ba. Na nemi idon Torika da ke zaune a gefe na tambaye ta da gira. Ta leƙa, ta daɗe tana leƙe, sannan ta ɗaga mini girarta a hankali.

Sai wata daga cikin namu ta tsere da ƙwallo, mata suka ɗauki ihu suna buga ƙafa. Daɓen zaurenmu na katako ne a kan turaku. Ruwan ya girgiza, ciyawa da mutane suka tarwatse suka zama ɓarɓashin haske. Na mintsini matar da ke kusa da ni na raɗa mata. Ni na san saurin magana, amma ban taɓa ganin ta zaga ɗaki kamar ranar ba. Daga kunne zuwa kunne har ta kai Unaisi, wadda ta dubi bayan ɗanta ta sa bakin zane a baki. Ƙafafu suka kwanta. Masu yara suka rungume su. Wani tsoho da tari ya taso masa ya haɗiye abinsa har idonsa ya kawo ruwa.

Ruwan sama ya sauko a kan kwano a hankali, ya rufe muryar Baturen da ke surutu a talabijin. Haka muka kalli wasan, gari guda, ba motsi. Aka ci mu, ba wanda ya yi tsaki. Muka rama, mata suka buɗe baki ba sauti, hannuwa a sama kamar ciyawar ƙarƙashin teku. Ni ban ƙara duban bango ba. Ta gefen kafaɗar Apenisa nake kallo, inda filin ya rataya a sama, 'yan mata suna gudu a jikinsa kamar ƙadangaru a rufin ɗaki, ba su faɗowa. Wani lokaci numfashinsa yakan taɓa ruwan, sai duk filin ya yi lanƙwasa ya dawo. Daga baya ya koyi riƙe numfashin.

Ana dab da tashi, suna gaba da mu kaɗan, ƙwallo ta iso hannun Loata a gefen fili. Gwiwar hagu a naɗe da farin ƙyalle. Ta kauce wa ta farko, ta biyu ta kama iska. Ta miƙe. A cikin akushin ta fi ɗan yatsa ƙanƙanta, tana tafe daga wannan baki zuwa wancan, kuma na rantse gudun ya ɗauki tsawon wa'azin fasto. Wata doguwa ta biyo ta ta dama. Saura taku kaɗan ta kai layi doguwar ta cim mata, ta doki hannun da ke riƙe da ƙwallon. Ƙwallo ta yi gaba ita kaɗai, su biyu suka zube. Aka busa.

Ba wanda ya motsa har yanzu. Suka nuno fuskar Loata kusa, tana zaune a ciyawa tana haki, tana dariya, hawaye na zuba. Fuskar ta cika akushin baki da baki.

Sai a lokacin Ratu Isikeli ya tafa hannu ya ce a zuba, maƙogwaronsa ya bushe. Apenisa ya ɗauki ƙoƙon kwakwa ya riƙe shi a saman ruwan. Mai gari yana jira, manya suna jira, abin da ba a yi. Bai tsoma ba sai da fuskar ta tafi aka sa tallar sabulu.

Da ruwa ya ɗauke na same shi a bakin famfo yana wanke akushin. Ya bar ni na gama ƙorafin bayana, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Bubu, in kun yi waya da waccan ta gidanmu, ki ce mata mai bin ta ta dama take. Ƙwallo sai ta koma hannun hagu, na dama ya ture."

Na ce to a wane wasan za ta yi amfani da shi? Ya tsaya, ruwa yana zuba a kan hannunsa.

"Ki dai gaya mata."

Washegari bayan coci Unaisi ta kira ta, na karɓe wayar na isar da saƙo yadda aka ba ni, ban ƙara ko gishiri ba, abin da ba halina ba. Loata ta saurara har na gama. Sannan ta tambaya, da wata ƙaramar murya, ta yaya ya sani. Na ce ni dai gari duk shaida ne bai ɗaga kai ba. Na ji tana jan hanci, na ji kuma dariya tana neman ƙwace mata.

"Bubu, ki ce masa da hannun daman ya koya mini. In akwai laifi nasa ne."

Ko kwanon rogona ban tsaya ɗauka ba. Na same shi a bakin ruwa yana kwance igiyar kwalekwale, na faɗa masa daga nesa tun ban iso ba. Ya juya wa gari baya, ya fuskanci teku, kafaɗunsa suna rawa. Na tsaya ina jira, don na san akwai amsa, kuma ba mai kai ta sai ni.