Hancin Baba Gidaɗo

Wata huɗu na yi ina zarya tsakanin Azare da babban asibitin birni kafin sunan mahaifina ya shiga layi. Baba Gidaɗo zabiya ne, kuma shekara arba'in yana noma a Chinade ba malafa, wai tana tare masa iska. Rana ta bar masa gyambo a gefen hanci, aka ce sankarar fata ce.

Likita Titi, wadda iyayenta ke da shago a kasuwar Azare, ta yi mana bayani da Hausa tas. Ta manna masa wani abu mai laushi kamar ƙullu har ya ɗauki siffar hancin ya daskare, ta cire shi. A kansa za a jera siraran bututu, wata 'yar ƙwaya mai ƙona ciwon ta bi ta ciki, ta tsaya daidai kan gyambon na 'yan mintoci, ta koma na'ura.

"Ku dawo bayan kwana goma, Baba. Kada a taɓa wurin. In wannan damar ta kuɓuce, sai wuƙa."

Na mai da shi gida, na koma aikina. Rana ta takwas na je ɗaukarsa, na tarar da hanci ya kumbura suntum. Ashe Maikuɗi wanzami ya zo dubiya, ya ce mataccen jini ne, ya kafa masa ƙaho.

"Baba! Ba a gabanka aka ce kada a taɓa ba?"

"Kaltum, mutumin da ya yi shekara talatin yana yi mini aski, da wane baki zan ce masa a'a?"

Na sa shi a mota, muka kama hanyar asibiti.

Likita ta gwada masa abin nan mai siffar hancinsa sau uku, ya ƙi zama. Ta ce ko ratar ƙwayar gero aka samu, lafiyayyar fata za a ƙona. Sai kumburi ya saɓe a sake wani, layi kuma ya kai wata biyar. Gyambon ba zai jira ba, hancin za a yanke.

Baba ya ɗauki abin yana jujjuya shi a hannu, ya dubi likita.

"'Yata, in kun gama da shi a ba ni. Shi kaɗai zai tuna yadda hancina yake."