Randar Baba Labo

La'asar ta yi, amma zafin bazara bai sauka ba. Baba Labo na kwance a zaurensa, an jiƙa zane an rufa masa a ƙirji. A waje injinsa na walda yana ta gunji.

"Mumuni," ya ce mini, "injin wanga kukan zafi yake. Leƙa ka gano mini."

Ban tashi da sauri ba. Ni ma mai walda ne, rumfata na kallon tasa a hanyar kasuwar Gidan Rumji. Injina in ya yi aiki kaɗan sai ya ɗau zafi, in kashe shi, in zauna ina masa fifita da kwali. Nasa kuwa bai san hutu ba. Da hannunsa ya naɗa wayar injin, ya nutsa ta cikin rabin duro na mai, ya jawo bututun jan ƙarfe daga man ya murɗa shi cikin randa. Randa na zufa, ruwa na sanyi, mai na hucewa. Shekarar nan da sojoji suka ce a yi zaɓe, kowace jam'iyya na son allo da kujerun ƙarfe, duk wurinsa suke zuwa. Ni sai liƙin bokiti.

Da ciwo ya kayar da shi, na zaci ni zai bar wa injin. Har fura nake kai masa. Sai ya ba Sanda, Bafulatanin Gidan Sori da shanunsu suka ƙare, wanda bara ya fara riƙe sandar walda.

Na leƙa. Sanda ya shafe randar da ragowar fentin alluna, kore shar. Na dafa ta, a bushe, da ɗumi. Fenti ya toshe ta, ba zufa.

"Ka ga ado?" in ji Sanda yana dariya. "In Baba ya fito ya tarar wurin ya yi kyau."

Na koma ciki na ce, "Aiki ne ya yi masa yawa, Baba."

Ya kalle ni. "Aiki bai taɓa yi masa yawa ba." Ya yi tari. "Kai kana da hannu, ɗana, ko ba injin nan, za ka ci. Sanda ba shi da komi. Shi zai ciyar da innarku Suwaiba."

Maganar ba ta sanyaya mini rai ba. Washegari da hantsi ya cika.

Bayan sadakar uku Sanda ya tafi Maraɗi sayen sandunan walda. Na zauna a rumfata ina kallon koriyar randa. In aka bar ta haka injin zai ƙone, 'yan jam'iyya su tsallako titi. Na daɗe ina jin daɗin tunanin. Daga cikin gidan Baba kuma ina jiyo matarsa, Inna Suwaiba, tana wanke kwanonin makoki.

Na zubar da ruwan randata ta sha, na mirgina ta na tsallaka. Na zare bututun a hankali, na sauya koriyar da tawa, na cika ta da ruwa.

Da Sanda ya dawo ya tsaya riƙe da ƙugu. "Wa ya ɗauke mini randata mai kyau? Mutanen garin ga ba su tsoron Allah!"

Ya kunna injin. Ni ina gefe ina yi wa nawa fifita. Can tsallake, yashin gindin randar ya fara yin duhu da laima.