Allurar Barau Ta Motsa

...kuma ba ni na taɓa ba, Hindatu, rigar ce. Ki fara sanin wannan kafin ki buɗe baki. Rigar da kika ce sai na sa tun hantsi, wai uban amarya ba ya yawo da kakin aiki ranar walimar 'yarsa. To ga shi nan. Shadda ta sha sitati, hannu kamar tabarma, na ɗaga zan saɓa a kafaɗa, sai ta maƙale a wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin agogon gas. Na fizga — abin ya juya — sai na ji tsss...

Sai allurar agogon ta sauko.

Ta sauko, Hindatu. Allurata. Ta bar kore, ta ratsa ruwan ɗorawa, ga ta can gefe tana leƙen ja kamar akuya a bakin dangar maƙwabci. Bari in ƙwanƙwasa gilashin. Ƙwas, ƙwas. Ta yi rawa! Tun da aka yi jihar nan aka kafa wannan bireka nake ƙwanƙwasa gilashin nan kullum, ko gezau, yau ga ta tana kaɗa min kai kamar ta san ni a wani wuri.

Leƙowa wurin aiki kawai na yi. Na ce miki yanzu zan dawo, kika ce, "Malam, yau ma? Ƙarfen nan kuka ya yi ya ce bai gan ka ba?" Da na zauna. Da yanzu ina ƙofar gida a kan darduma, danginki na Aujara suna miƙo hannu ina cewa madalla, madalla, allura tana nan kore abinta, kowa lafiya...

Kowa lafiya? Barau, ji abin da kake faɗa.

Kin taɓa tambayata, muna sabon aure, wai takamaimai mene ne aikina a tashar wuta. Na ce gadin iska. Kika yi dariya har kika ƙware da kunu. Ai gaskiya na faɗa miki. Wutar da ke tahowa daga Kano ta cikin wannan bireka take bi kafin ta shiga Dutse, in matsala ta faru shi ne zai buɗe ya yanke ta. To wuta ba ta son a yanke ta — harshe take zarowa, fari fat, ta bi ƙarfen. Iskar da aka ɗura a ciki ce ke danne harshen, kamar a kifa jiƙaƙƙen buhu a kan murhu. Ba launi, ba wari, ba a ganinta, sai dai agogon nan ya gaya maka ko tana nan da kaurinta ko ta tsiyaye. Kore, kwana lafiya. Ja kuwa... tangaran ɗin can na sama, kin san tangaran in ya fashe. Wannan ya fi ni tsawo.

Barau Kore. Haka suke kirana har a hedikwata. Wani babba ya taɓa dafa kafaɗata a gaban mutane ya ce ku yi koyi da na Dutse, birekansa bai taɓa shan gas ko na kwabo ba. Na sunkuyar da kai, ni mai tawali'u. Na dawo gida na ba ki labari sau nawa? Har Zulfa, amaryar tamu ta yau, tana 'yar ƙarama lokacin, ta riƙa ƙarasa min maganar.

Ɗan famfo ne. Ƙullutun nan, famfo ne. Ga hannunsa ya fito, fentin ya tsage, ɓawo a kan ɓawo kamar albasa. Wa ya san akwai famfo a nan? Duk ranar da aka ce manya za su zo duba tasha, sai a kwaso masu fenti su bi komai da ruwan azurfa — ƙarfe, duwatsun bakin hanya, butar shayin abokin aikina Malam Idirisu, wata shekara har da ƙadangaren da bai yi hanzari ba. Ba mai tambayar me ke ƙarƙashi. A dai ga ƙyalli. Wa ya rufe shi? Waɗanda suka kafa birekan ne suka manta? Ko wani mai fenti ne ya ga hannun yana tare masa buroshi ya kwantar da shi? Oho. A rufe dai yake. A rufe... agogo a nan, bireka a can, tsakaninsu ƙofa a kulle. Wato duk shekarun nan abin da allurata ke aunawa shi ne ɗan gas ɗin da ya maƙale a bututun da bai kai yatsana ba.

Yatsa ɗaya na iska. Shi nake gadi tun zamanin soja.

Ga sabon birekan can kuma, wanda aka kawo bara, da na bi na tsane shi. In rana ta buge shi ta gefe ɗaya allurarsa ta ɗan gusa, in ya buɗe ta girgiza, na ce wa Idirisu kayan yanzu ba su da tarbiyya, dubi tamu ta da, ko ƙifta ido ba ta yi. Ashe mai rai ce ke ƙifta ido. Malamin da ya koya mana a kwas ya faɗa, ina tuna bakinsa da ɗan gemunsa: wannan agogo ba ƙarfin turin iska yake aunawa ba, kaurinta yake aunawa, zafi da sanyi ba sa ruɗa shi sosai. Ba sosai ba, ya ce. Ni na ji ko kaɗan. Na riƙe abin da ya yi min daɗi.

Me ya sa ƙararrawa ba ta — a'a, tana yi. Ga ta can a bangon ɗakin aiki tana kurrr, kurrr, kamar tsoho yana minshari. Zanzaro ya yi gini a ciki. Shi ma an bi ginin da fenti.

In na mayar da famfon fa? In rufe shi yadda na same shi. Babu wanda ya gani. Bismillah... Na rufe. Koma mana. Koma kore, 'yar albarka. Ƙwas, ƙwas. Ina! Ta tsaya inda take, yanzu kuma a nan za ta dawwama, ruwan ɗorawa har tashin ƙiyama. Ko ƙaryar ma ba ta komawa yadda take. Buɗe shi, Barau, kar ka ƙara wauta a kan wauta. Astagfirullah. Da girmana, da aikin aska takwas a ƙirjin riga.

Ba ni da ikon buɗe birekan nan da kaina, wannan shi ne abin haushin. In gas ya yi ƙasa ba a taɓa shi, buɗewar ce haɗarin. Sai dai a ɗauki oba-oba a kira Kano, a ce su yanke daga can. Su yanke duka. Dutse, Kiyawa, sakatariya, asibiti ya tada injinsa, har sai an ɗoro tukunyar gas a mota an kawo. Gobe? Jibi? Direban ma sai an nemo shi.

Da gidanmu.

Hindatu, janaretan nan... me ya kai ki? Yayanki Alhaji Abdurrahim ya ɗauko shi tun daga Aujara a bayan akori-kura, da igiya, da jarkar mai, ya sauke a ƙofar gida yana haki. Kika fito kika riƙe ƙugu. "Yaya, mayar da kayanka. Gidan wuta ka zo da ashana?" Mata suka yi shewa. Ya dube ni. Ni kuma, maimakon in ce a bar shi ko don ɓacin rana, sai na ji bakina yana cewa wallahi, Alhaji, wuta ba za ta ƙifta ba. Wallahi na ce. A gaban surukai. Ya sa aka mayar da janareta mota, ya ajiye maganar a ransa, irin ajiyar nan tasa da sai ranar suna ake fito da ita.

Ga azumin kaffara ya hau kaina ban ko ci shinkafar bikin ba.

Firiza uku aka aro. Kunun aya — kin fi ni sanin kunun aya, ya ji ɗumi kaɗan ya juya ya zama abin wanke azurfa. Zoɓo, ƙanƙara, naman da za a raba gobe. Da lasifika. Tun da shari'a ta zo aka sallami masu kalangu, lasifika ita ce bikin gaba ɗaya. Malama Khaulat kika ɗauko takanas daga Kano ta yi wa mata wa'azi, ita kuwa muryarta kamar ta sauro, in babu lasifika ko ta kusa da ita sai ta ce na'am? Zulfa a tsakiya cikin lulluɓi, fanka ta tsaya, kwalliya tana narkewa tana bin haɓa...

Birekan zai iya kaiwa gobe. Me zai hana? Ya kai yau ai. Wa ya san tun yaushe yake a haka, wata nawa, shekara nawa, yana tsiyaya a hankali ni ina masa kirari? In dai babu abin da ya taɓa layi, ba zai buɗe ba, in bai buɗe ba babu harshe, in babu harshe... Bayan isha'i in kira Kano. Bayan an watse. Wa zai sani?

Wancan mene ne a gabas?

Hadari. To. Baƙi ƙirin a bayan duwatsu, ganyen dabino har ya fara kaɗawa. Dama ka rasa ranar da za ka taso sai yau. Walƙiya ɗaya a kan layi, reshe ɗaya ya faɗo tsakanin nan da Kiyawa, bireka zai ce bari in yi aikina...

Shi kuma Malam Idirisu, mai aikin yau, ga shi can ya shimfiɗa buzunsa a inuwar birekan ya tada la'asar. Nan yake salla kullum. Ni na nuna masa wurin. Na ce duk Jigawa babu inuwar da ta fi wannan aminci, yana dariya da wawulonsa ya ce to Injiniya, in ka faɗa ta zauna. 'Ya'yansa mata ne duka, suna Kiyawa, ƙaramar ko yaye ba a yi ba. Raka'a ta nawa yake? Shi ba ya gajarta sura. Yi sauri, bawan Allah, yau dai ɗaya karanta Ƙulhuwallahu... Tangaran a saman kansa yana ƙyalli. An goge shi tas, ba laifi.

Ƙafafuna sun kawo ni ɗakin aiki ban aike su ba. Kurrr, kurrr. Na ji, zanzaro, na ji. Ga oba-oba a kan tebur, da ɗumi kamar an jima ana riƙe da ita. Sitati ya jiƙe ya manne min a baya. Me zan ce musu? Kano, Kano, Dutse ce, Barau Kore ne... Kore. Za su ce maimaita.

Iska ta juyo daga gari, ta ɗauko muryar lasifika, tsaf kamar a kunnena, wuta tana aiki lafiya lau. Gwaji, gwaji. Assalamu alaikum. Ana cigiyar uban amarya, duk inda yake ya taimaka ya dawo gida, an ce shi ake jira.

Hindatu, akori-kurar Yaya ta riga ta koma Aujara ne, ko tana nan bayan masallaci?

Babban yatsana yana kan maɓallin. Bismillah... na danna.