Baitin da Aka Yar daga "Ikilima Tsaya"

Shekara uku Muhibba Maitama ta yi tana gabatar da shirin tsofaffin waƙoƙi a wani gidan rediyo a Wuse, amma babu waƙar da ta ba ta aiki kamar "Ikilima Tsaya". Wasu makaɗan gita ne suka fitar da ita a Jos a 1986. Bayan shekara goma wani mawaƙin Kano ya sake ta da fiyano, ya ƙara mata sauri. Wata 'yar Legas ta juya ta zuwa Turancin buroka, mawaƙan wani coci a Nyanya kuma suka ari kiɗan suka ɗora nasu baitocin. A bana wani matashi ya zuba mata kiɗan zamani, ta cika wayoyin mutane.

Muhibba ta tattara su duka. Abin da ya tsaya mata a rai yana cikin tsohon kaset ɗin: can ƙarshe wata mace ta ba namijin amsa, baiti guda, kuma duk masu maimaita waƙar sun yar da shi. Ko sunanta babu a jikin kaset.

Wata rana wani mai sauraro ya bugo ya ce mai gitar, Jacob, yana raye, yana noman doya a Paikon Kore. Ranar Asabar ta same shi a gindin mangwaro yana gyara ƙotar fartanya.

"Rekiya ce," in ji shi, yana dariya. "Ita ta tsara baitin da kanta. Babanta bai san tana zuwa wajenmu ba, shi ya sa ta roƙe mu kar mu sa suna. Na ji an ce tana Jikwoyi, tana sayar da abinci."

Sai da Muhibba ta leƙa rumfa shida kafin ta dace. Hajiya Rekiya, doguwa mai furfura a gefen ɗankwali, ta saurare ta har ƙarshe ba ta ajiye ludayi ba.

"'Yata, wannan zancen ƙuruciya ne. Jikokina bakwai. Me zan je in yi a rediyo?"

"Mama, mutane ba su san akwai amsa ba."

"To su zauna a haka."

Muhibba ta sayi shinkafa da wake ta zauna a benci. Tana cikin ci wani ɗan acaba ya shigo, sabuwar waƙar tana tashi daga aljihunsa. Hajiya ta tsuke fuska.

"Kin ji ko? Shekara kusan arba'in yana ce mata tsaya, tsaya. Ba wanda ya bari ta buɗe baki."

Tana zuba masa miya ta fara rerawa, a hankali, muryar ta ɗan dushe amma ba ta kauce ba: "Ba na tsayuwa a tasha, aiki na jirana. In ka dawo, tambayi gidanmu."

Ɗan acaban ya kashe wayarsa. "Mama, daga ina kika samo wannan?"

"Ci abincinka," ta ce. Ta juya ga Muhibba. "Baitin nan kaɗai zan yi. Kuma sai na gaya wa ɗana tukuna."

Ranar Laraba Hajiya ta zo gidan rediyon tare da ɗanta Abdulhakim, ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya, wanda sai makon nan ya san mahaifiyarsa ta taɓa waƙa. Jacob ya iso da gitar aro. Suka daɗe suna gaisawa, suna lissafa 'yan ƙungiyarsu da suka rasu. Yatsun Jacob sun yi tauri, sai a karo na uku kiɗan ya zauna. Da Hajiya ta kai ƙarshen baitin, layukan waya suka cika, yawanci mata, wata har da guɗa.

A hanyar komawa suka ɗauki Jacob a motar Abdulhakim, zai kwana a wajensu. Da suka wuce Nyanya Abdulhakim ya tambaya, "Umma, ita ke nan, ko akwai wasu?"

"Akwai huɗu da ba mu taɓa ɗauka ba."

"Biyu na tuna," in ji Jacob daga kujerar baya.

"Ni na tuna sauran," ta ce. "Abdul, Asabar ka zo da mota da wuri, ka kai ni Paikon Kore."