Rigar Tarbar Baƙi

Kawu Ciyaman yana da wata riga da duk unguwa ta sani. Launinta ya daɗe da guduwa, aljihunta ya yage yana lilo, kafaɗar hagu kuma ta huje har ana hango singileti. Amma fa ba a wulaƙance take ba. A ninke take cikin leda a ƙasan akwati, kuma ba ta fitowa sai ranar da farar motar ƙungiyar agaji za ta shigo unguwa. Shekara goma sha biyu Kawu yana shugabantar kwamitin tarbar baƙi, kuma a ganinsa rijiyar burtsatse da gidajen sauro da rufin makaranta duk albarkacin rigar nan aka same su. Ba wanda yake yi masa musu, don musu da Kawu sai wanda ba shi da abin yi ranar.

'Yar ƙanwarsa, wadda ake kira Mai Keke, ita ma ta hanyar farar motar ta samu tashi. Shekara shida da suka wuce, lokacin da ciwon baya ya raba mijinta da aikin dako, ba abin da ke ɗakinta sai tabarma da katifa ɗaya da yara uku masu kallon tukunya. Ƙungiyar ta koya wa mata goma ɗinki, ta ba kowace keke ɗaya. Mai Keke ta riƙe nata da hannu biyu. Sai kuma aka zuba kwalta a titin unguwar, kamfanin sabulu ya buɗe a bakin gari, mutane suka fara karɓar albashi, mai albashi kuwa ba ya son a gan shi kullum da riga ɗaya. Aiki ya yi mata yawa. Ta mayar da ɗakin da ke fuskantar titi shago, ta ƙaro kekuna, ta sa fanka da firji, ta ɗauki mata biyu aiki.

Damuwarta ɗaya ce, amma ta hana ta sakat. Kamfanin sabulu ya ba ta ɗinkin kakin ma'aikata, kaya ɗari uku, ita kuma don murna ta ƙara ɗaukar mata biyu tun kafin ta taɓa yadin. Da yadin ya iso sai ga shi da kauri kamar tamfol. Allura goma sha ɗaya ta karye a kwana biyu. Manaja ya ce in wata ya ƙare ba ta samo babban keke mai lantarki ba, zai kai aikin wani wuri. In aikin ya tafi, dole ta sallami sababbin biyun, kuma ɗayarsu Maman 'Yan Biyu ce, wadda sai da ta yi kuka ranar da aka ɗauke ta. Duk sanda Mai Keke ta kalle ta sai gabanta ya faɗi.

Ana cikin haka takarda ta iso daga ƙungiya: ranar Alhamis wata baƙuwa za ta zo daga ƙasar waje ta ga matan da aka ba keke, kuma za a ba ɗayarsu babban keke mai lantarki. Takardar ba ta faɗi yadda za a zaɓa ba. Kawu ne ya faɗa.

Ranar Laraba da hantsi ya shigo shagon, ya tsaya a tsakiya yana kallon fanka tana juyi kamar ya kama ɓarawo.

"Ke yanzu haka za ki tarbi mutanen nan? Da fanka? Da firji?"

"To Kawu, ai su suka ce mu dage."

"Sun ce ki dage, sun ce ki nuna musu? Mutum ya tsallako ƙasashe don ya ga talaka, ya zo ya tarar da ke kina shan ruwan sanyi! Wa za su ba keke, mai biyar ko marar ko ɗaya mai kyau? Ni fa shekara goma sha biyu ina wannan aiki."

Mai Keke ba ta ji daɗin maganar ba. Ta daɗe tana ɗokin ranar da mutanen za su dawo su ga abin da kekensu ya haifa. Amma ta dubi tarin kakin da ke kusurwa, ta dubi Maman 'Yan Biyu tana ta faman taka keke, sai ta ce, "To Kawu, ina za mu kai kayan?"

Aka kai su gidan maƙwabciyarta ta jikin katanga, wadda ake kira Rediyo saboda har yau ba a gano inda ake kashe ta ba. Ita ma tana cikin mata goman nan, sai dai kekenta bai cika wata uku ba ya rikiɗe ya zama talabijin. Kafin azahar kekuna huɗu da firji da fanka da madubi da yadika duk sun koma falonta, da matan huɗu, tunda akwai ɗinkin jama'a da ba zai jira baƙuwa ba. Rediyo ta buɗe firji ta leƙa, ta rufe, ta sake buɗewa, ta ce ai maƙwabtaka ta fi ƙarfin wannan, su bar shi ko wata guda ne.

A shagon aka bar tsohon keken farko shi kaɗai. Kawu da kansa ya ɗebo ƙasa ya bubbuɗa masa, ya shimfiɗa tabarmar da ya aro, ya koya wa Mai Keke yadda ake zama: kai a langaɓe, hannu a haɓa, kuma kada ta kuskura ta amsa gaisuwa da ƙarfi.

Ranar Alhamis farar mota ta tsaya. Baƙuwar doguwa ce mai tabarau da littafin rubutu, tare da tafinta, wanda shi ne ya raba kekunan shekara shida baya. Yana ganin Kawu ya yi murmushi.

"Ranka ya daɗe, rigar nan har yanzu tana raye?"

Kawu ya amsa da tari. Shi ma tarin na musamman ne, tare suke fitowa da rigar.

Baƙuwa ta zauna a kan tabarma, ta tambaya ta bakin tafinta: ma'aikata nawa ne a nan?

"Ma'aikata?" in ji Kawu. "Ita kanta ma da ƙyar."

Kaya nawa take ɗinkawa a mako?

Mai Keke ta dubi Kawu. Arba'in suke fitarwa. Ta ce, "Biyu."

Tana faɗin haka ta dubi kewayenta. Ɗakin ya koma mata daidai yadda yake a da, har warin tsohuwar tabarmar, har wurin da ƙaramin ɗanta ya saba zama yana jiran a ce an sauke tukunya. Ta zaci wasa za ta yi na awa ɗaya, sai ga idonta ya ciko da gaske. Kawu ya gani, ya gyaɗa kai cikin alfahari, yana cewa a ransa yarinyar nan ta iya ɗaukar karatu.

Baƙuwa ta yi rubutu mai tsawo, ta cire tabarau ta murje ido, ta yi magana a hankali.

"Ta ce ki yi haƙuri," in ji tafinta. "Babban keken na wadda aikinta ya fi ƙarfin ƙaramin keke ne, wadda har ta ɗauki wasu aiki. Ta ce gida tara ke nan yau, kowa a kan tabarma, kowane keke da ƙura. Waɗanda suke ba da kuɗin a ƙasarta za su tambaye ta ko abin ya canza wani abu, kuma ba ta san me za ta ce musu ba. Saura gida ɗaya. Wannan na jikinku."

Tarin Kawu ya tsaya cak. Gidajen tara duk shi ya bi ya shirya su.

"Wannan gidan ba kowa," ya ce da sauri. "Ta yi tafiya. Ba ta da lafiya. Barci take."

Daidai lokacin kekuna huɗu suka ɗauki ƙara a bayan katanga.

Abin da baƙuwa ta tarar a falon Rediyo ya sa ta dafe ƙirji. Mata huɗu suna ɗinki, fanka na kaɗa yadika, firji na gurnani, ga talabijin a saman tebur. Ta hau ɗaukar hoto. Rediyo, wadda ba ta taɓa barin yabo ya wuce ta ƙofarta bai shigo ba, ta gyara ɗaurin ɗankwali ta tsaya kusa da firji ta dafa shi.

"Ka gaya mata ni dai tun ina ƙarama ba na son zaman banza," ta ce wa tafinta. "Haƙuri ne kawai da tashin sassafe. Kullum ina yi wa maƙwabciyata faɗa, ga ta nan, amma ina!"

Baƙuwa ta kama hannun Rediyo da hannu biyu. Tafinta ya ce, "Ta ce ta samu wadda take nema."

Ƙafar Maman 'Yan Biyu ta tsaya a kan fedal. Ta ɗago kai ta dubi uwar ɗakinta da ke tsaye a bakin ƙofa cikin koɗaɗɗen zane. Mai Keke ta san abin da babban keke zai zama a hannun Rediyo: talabijin mai cika bango. Kawu yana ta ƙifta mata ido ta yi shiru, don tona wannan asiri tona nasa ne, kuma shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinta. Ta ji nauyinsa sosai. Amma ta buɗe baki.

"Malam tafinta, ka gaya mata ƙarya na yi. Kekunan nan nawa ne, firjin nawa ne, matan nan ni suke yi wa aiki. Talabijin ɗin ce kawai tata."

Rediyo ta ce, "La ila! Hassada ƙiri-ƙiri!"

Baƙuwa ta dubi wannan, ta dubi waccan. Minti goma da suka wuce matar nan ta ce kaya biyu take yi a mako. Tafinta, wanda da alama ya fara jin daɗin ranar, ya ce ai abin mai sauƙi ne, kowace ta zauna ta yi ɗinki a gani.

Rediyo ta zauna da ƙarfin hali, ta shafa keken ta gaba, ta shafa ta baya, ta leƙa ƙarƙashi. "Wai ina ake kunna shi ne? Sun canza mini wurin."

Matan huɗu suka kifa kai a kan yadi, kafaɗunsu na rawa.

Mai Keke ta karɓi kujerar, ta zura zare ba tare da ta kalli allura ba, sannan ta waiga tana neman abin da za ta ɗinka. Idonta ya sauka a kan aljihun da ke lilo.

"Kawu, ciro rigar."

"Ke! Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Don Allah Kawu, ciro ta."

Kowa na kallonsa, har baƙuwa. Ya cire ta a hankali kamar ana zare masa haƙori, sai ga sabuwar singileti fara fat da agogo da ya tura can saman damtse. Cikin minti huɗu aljihu ya koma mazauninsa, kafaɗa ta rufe da faci mai kyau, wuya ya sami sabon kalmasa. Ta yanke zare ta miƙa masa. Kawu ya juya rigar gaba da baya yana neman ko huji ɗaya ya tsira. Babu.

"Kin kashe mini riga," ya ce da ƙaramar murya.

Baƙuwa ba ta yi dariya ba. Ta tambaya, don me?

"Mun saba in kun zo, mai hawaye kuke nema," in ji Mai Keke. "Ba wanda ya gaya mana yau mai gumi kuka zo gani. Shekara shida ina aiki don kada 'ya'yana su sake ganin ɗakin nan haka, jiya kuma da hannuna na mayar da shi. Na ji kunya, kuma ba zan ƙara ba, ko kun ba ni keken ko ba ku ba ni ba."

Tafinta ya fassara, ya ɗan daɗe yana yi. Baƙuwa ta ce su ma da laifinsu, da sun rubuta yadda za a zaɓa a takarda. Ta yage shafuka tara daga littafinta. Ta ce gobe za ta sake zagayawa, kuma tana so ta tarar da kowane gida yadda yake ranar Talata. Da ta ji labarin aikin kamfanin sabulu, ta nemi ganin kakin, ta murza shi tsakanin yatsunta, ta dubi karyayyun alluran da Mai Keke ta tara a gwangwani, ta rubuta sunan Mai Keke ta ja layi a ƙarƙashinsa. Keken zai iso cikin kwana shida.

Da yamma titin ya cika da kaya masu komawa gida. Nan katifa a ka, can kujeru a baro, wani na tura babur da ya kwana a ƙarƙashin buhuna. Kawu Ciyaman, cikin ɗinkakkiyar rigarsa, yana tsaye a tsakiyar titi yana ba da umarni, yana gaya wa duk mai saurare cewa dama dabararsa ke nan, ya gwada baƙuwar ne ya ga ko da gaske take. Firji ne ya fi wuyar fitowa, don sai da aka ɓamɓare hannun Rediyo daga jikinsa.

Bayan an gama jera kekuna sauran matan suka tafi, Maman 'Yan Biyu ta tsaya tana ninke yadin da an riga an ninke. Ta san tun tuni sunan wa zai fara fita in aikin kaki ya tafi, ko da yake ba wanda ya taɓa gaya mata.

"Anti," ta ce, ba ta ɗago kai ba, "wata mai zuwa ma in riƙa zuwa?"

Mai Keke tana goge ƙasar da Kawu ya bubbuɗa wa tsohon kekenta. Ta tsaya, ta goge idonta da bayan hannu.

"Ki riƙa zuwa da wuri," ta ce. "Ke za ki hau babban."