Bakin Gwaggo

Littafin Auta na farko labari ne cikin zane, na ban tsoro, don 'yan ƙaramar sakandare. Wata dodanniya ce a ƙarƙashin matakalar makaranta take kiran yara. Da ta kai zanen, mai buga littafin ya turo mata abinta.

"Wannan dodon ko jariri dariya zai yi masa. Ƙaho da farata kowa ya sani. Je ki nemo abin da ke ba ki tsoro ke kanki."

Abin yana gida, zaune kusa da taga. Gwaggo ce ta raini Auta, kuma tun da shanyewar ɓarin jiki ta same ta bakinta ya karkace hagu, ido ɗaya ya daina rufuwa. Auta ta zana bakin, ta ƙara masa haƙora, ta ce a ranta ba mai ganewa. Har tambayar Gwaggo ta kullum ta sa wa dodanniyar, yadda harshen ke fitar da ita: "Kun shi abinshi?"

Littafi ya karɓu. Laburaren unguwa ya gayyace ta ta karanta wa yara. Ba ta so Gwaggo ta taɓa ganin shafin nan, don haka Yaya kaɗai ta gaya wa, shi kuwa cikinsa ba ya riƙe magana.

Tana tsakiyar karatu, yara sun cika kafet kowa da kwafinsa a cinya, ƙofa ta buɗe. Yaya ne riƙe da hannun Gwaggo, ta sha sabon mayafi har da turare. Gwaggo ta yi musu murmushi da rabin bakinta.

"Sannunku, 'yan jikokina. Kun shi abinshi?"

Ihu ya tashi. Wasu suka ruga bayan kantar littattafai, wasu suka hau tafi. Wata yarinya mai tabarau ta buɗe shafin, ta dubi zanen, ta dubi Gwaggo.

"Wallahi ita ce!"

Mai kula da laburaren ta taso tana dariya. "Kai, Malama, kin iya shiri! Ashe har dodanniyar kika kawo mana. Wa ya yi mata kwalliyar nan?"

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Yaya ya leƙa littafin yarinyar, ya ɗago ya yi wa ƙanwarsa kallo ɗaya.

"Ara mini in gani, 'yata," in ji Gwaggo.

"Gwaggo, na yara ne," in ji Auta.

"Boko ne ban yi ba. Hoto ai ina gani."

Ta riƙe littafin da hannunta mai lafiya, ta daɗe tana kallo. Yara suka kewaye ta. "Kaka, ƙara faɗa! Don Allah ƙara faɗa!" Ta faɗa. Suka yi ihu, suka sake roƙo, ta sake faɗa. Mai kula da laburaren, da ta gane ba kwalliya ba ce, ta koma tana gyara littattafan da ba su karkace ba.

A mota Yaya ya kasa haƙuri. "Ke dai Auta, Allah ya shirye ki. Duk fuskokin duniya ki rasa wadda za ki..."

"Bar ta," in ji Gwaggo. "Yarinyar tana da hannu. Abin da ta gani ta zana."

Suka tsaya a danja. Wani mai tallan ruwa ya matso jikin gilashin.

"Ashe haka nake," Gwaggo ta ce a hankali. "Kullum in na tambaye ki, Auta, sai ki ce bakin ya kusa komawa daidai."

Gwaggo ta ja gefen mayafinta ta rufe bakinta, ba ta sauke ba har suka isa gida.